Tsibirin Ista: Kowa Na Kallon Duwatsu, Wa Ke Kallon Mutanen?

  A yau zan ɗan ajiye maganar kasuwa da ta siyasa, mu tafi yawon buɗe ido irin na talaka, wanda babu ruwansa da fasfo ko biza ko kuɗin jirgi, kana zaune a kan bencinka za ka je ka dawo. Inda za mu nufa wani ɗan tsibiri ne can tsakiyar Tekun Pasifik, wanda Turawa ke kira Tsibirin Ista, masu shi kuma suna ce masa Rapa Nui. Ko da mai karatu bai taɓa jin sunan ba, ina kyautata zaton ya taɓa ganin hoton: waɗansu zabga-zabgan mutum-mutumi na dutse, masu dogon hanci da dogayen kunnuwa, sun yi sahu a fili sun tsuke baki kamar an ci musu bashi. Har cikin 'yan hotunan nan da ake turawa a WhatsApp akwai kan ɗaya daga cikinsu.

Tun kafin mu yi nisa gara in faɗi inda na dosa. Shekara 300 ke nan duniya na kallon waɗannan duwatsu, ana ɗaukar hotonsu, ana ƙirƙira musu tatsuniyoyi, amma ba kasafai ake waiwayar mutanen da suka sassaƙa su ba. Ni kuwa a ganina, babban abin al'ajabi a tsibirin nan shi ne al'ummar da aka yi ta ragewa har ta koma mutum 111, kuma duk da haka ba ta ƙare ba, tana nan da sunanta da harshenta da ƙasarta. Na san wani zai ce me ya haɗa Musulmi da labarin gumaka. Ba tallan gumaka na zo yi ba, domin su kansu mutanen tsibirin sun daɗe da barin addinin kakanninsu, galibinsu a yau Kiristoci ne 'yan Katolika. Tarihin waɗanda suka gabata muke dubawa don mu ɗauki darasi, wannan kuwa babu malamin da ya hana.

Ina ne wurin?

Tsibirin na ƙarƙashin mulkin ƙasar Chile ta Amurka ta Kudu, amma tsakaninsa da gaɓar Chile ɗin akwai ruwa na sama da kilomita 3,500. Domin mai karatu ya gane nisan, ya ƙaddara zai yi tafiyar Legas zuwa Kano sau uku a jere har da ɗoriya, kuma duk tsawon hanyar babu tasha, babu ƙauye, babu mai shayi, sai ruwa. Maƙwabtansu mafi kusa su ne mutanen tsibirin Pitcairn, waɗanda duka-duka kimanin mutum 50 ne, su ma akwai tazarar kilomita 2,000 a tsakani. Girman tsibirin kimanin murabba'in kilomita 164 ne, wato ɗan acaɓa zai ratsa shi daga wannan ƙarshe zuwa wancan bai cika awa ɗaya ba. Gari ɗaya ne tak, sunansa Hanga Roa, filin jirgin sama ma ɗaya, kuma daga Santiyago babban birnin Chile tafiyar awa biyar ce da wani abu a sama. Ƙidayar da aka yi a 2017 ta samu mutum 7,750 a tsibirin. Ɗaya daga cikin sunayen da suke kiran ƙasar tasu shi ne Te Pito o te Henua, wanda ake fassarawa da cibiyar duniya. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya buɗe ido ya ga ruwa gabas da yamma, kudu da arewa, ai dole ya ɗauka a kan cibiya yake zaune.

Masana sun fi karkata ga cewa wajen shekara ta 1200 mutane suka fara sauka a nan. 'Yan Polinesiya ne, wato dangin mutanen Tahiti da Hawayi da Maori na ƙasar New Zealand. Cikin manyan kwale-kwale suka keto tekun nan, babu injin, babu taswira, sai sanin taurari da yanayin igiyar ruwa da hanyar da tsuntsaye ke bi. Sun zo da kajinsu da irin ayaba da rake da doya da gwaza, daga baya dankali, irin wanda muke cewa dankalin Hausa, ya zama babban abincinsu. A bakin tsofaffinsu, shugaban wannan tafiya sunansa Hotu Matu'a, kuma ya sauka ne a bakin ruwan Anakena, wurin da har gobe shi ne mafi kyawun farin yashi a tsibirin.

Abubuwan kallo

Mutum-mutumin nan sunansu moai, kuma yawansu ya kusa 1,000. Matsakaici daga cikinsu tsawonsa mita 4 ne, nauyinsa kimanin tan 12, wato buhun siminti 240 a dunƙule wuri guda. Mafi tsawo da aka taɓa tsayarwa, wanda ake kira Paro, ya kusa mita 10, nauyinsa wajen tan 80, lodin tirela kusan uku ke nan. Duk wannan aiki babu ƙarfe ko ɗaya a hannunsu, da gizagon dutse suka yi shi.

Kusan dukkansu a wuri guda aka sassaƙa su, a jikin wani mataccen dutse mai aman wuta da ake kira Rano Raraku. In da Allah zai kai ni tsibirin, nan zan fara zuwa, domin wurin ya yi kama da shagon maƙera da aka tashi cin abinci ba a dawo ba. Kimanin moai 400 na nan a warwatse, wani an gama, wani an kai rabi, wani yanzu aka fitar masa da hanci, bayansa na manne da dutse. Akwai wanda ba a ƙarasa ba, da an tayar da shi da tsawonsa ya kai mita 21. Kawunan nan da muke gani a hotuna suna leƙowa daga ƙasa ma a nan suke, kuma ba kawuna ba ne kawai, kowanne da gangar jikinsa, ƙasa ce ta yi ta gangarowa shekara da shekaru ta binne su har wuya.

Wanda aka gama sai a kai shi unguwar masu shi, a ɗora a kan wani dogon dakalin dutse da suke kira ahu, wanda sau da yawa maƙabarta ce. Wasu ana aza musu jan dutse a ka kamar gammo, a sa musu idanu na farin murjanin teku. Mafi shahara shi ne Ahu Tongariki, inda guda 15 suke tsaye a sahu ɗaya. Ambaliyar teku da ta biyo bayan girgizar ƙasar Chile ta 1960 ta kwashe su ta watsar can cikin tudu, sai a shekarun 1990 aka sake tsayar da su da taimakon wani kamfanin Japan da ya kawo injin ɗaga kaya.

Ga abin da nake so mai karatu ya lura da shi. Kusan duk moai da ke kan dakali sun juya wa teku baya, gari suke kallo. Dalili kuwa, a wurin masu su, kowane ɗaya fuskar wani kaka ne ko shugaba da ya rasu, an tsayar da shi ya sa ido a kan zuriyarsa. Baƙo ya sauka daga jirgi ya ƙura wa dutse ido, shi kuwa dutsen mutanen gari yake kallo. Da baƙin sun bi inda idon ya nufa, da tuni sun gane inda labarin yake.

Akwai kuma Orongo, wani ƙauye na ɗakunan dutse da aka gina a bakin ramin wani dutse mai aman wuta, Rano Kau, ta ɗaya gefen kuma gangare ne miƙaƙƙe na wajen mita 300 zuwa teku. A nan ake gasar shekara-shekara wadda ta ci gaba har shekarun 1860. Kowace zuriya za ta fitar da gwaninta, ya gangara wannan tsauni, ya yi iyo cikin ruwa mai kifayen shak zuwa wani ɗan tsibiri, Motu Nui, ya jira ƙwan farko na wani tsuntsun teku da suke kira manutara, ya ɗaura shi a goshi ya dawo bai fashe ba. Ubangidan wanda ya yi nasara shi ke da girma na wannan shekara, shi da zuriyarsa. Daga nan Orongo ne ma'aikatan wani jirgin ruwan yaƙi na Birtaniya suka ɗauke wani moai mai suna Hoa Hakananai'a a 1868, aka miƙa wa Sarauniya Victoria, ita kuma ta ba babban gidan adana kayan tarihi na Landan. A 2018 mutanen tsibirin suka yi tattaki da gwamnarsu har Landan suna roƙon a mayar musu da abinsu. Mu da muka san labarin kayan tagullar Benin da aka kwashe a 1897, wannan waƙa ba baƙuwarmu ba ce.

Yadda baƙi suka ba da labarin

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Matsalar Rapa Nui ita ce an daɗe ana rera tata a bakin wasu.

Da farko sai aka ƙi yarda cewa waɗannan mutane su suka yi aikin. Wani ya ce wata ƙasa ce da ta nutse a teku, wani ya ce mutanen Amurka ta Kudu ne. A 1968 wani marubuci ɗan Switzerland, Erich von Däniken, ya fitar da littafi yana raya cewa halittu daga wata duniya ne suka sauko suka yi irin waɗannan ayyuka, kuma littafin ya yi kasuwa. Mai karatu ya duba raini: an fi sauƙin yarda da baƙi daga sama a kan a yarda cewa mutumin da aka tarar a wurin kakansa na da basira.

Sai batun yadda aka kai duwatsun inda suke, wasu har tafiyar kilomita 10 da ɗoriya daga wurin sassaƙa. Duk baƙon da ya tambayi tsofaffin tsibirin amsa ɗaya yake samu: da ƙafarsu suka taka. Sai a yi murmushi a rubuta cewa camfi ne. A 2012 wasu masana biyu daga Amurka, Terry Hunt da Carl Lipo, suka nuna wa duniya gwajin da suka yi da wani kwaikwayon moai mai nauyin sama da tan 4. Sun ɗaura masa igiya uku, ɗaya dama, ɗaya hagu, ɗaya ta baya don kada ya kifa, mutum 18 suka riƙa ja suna saki, sai ga dutse na rangaji yana taku a tsaye, ya ci mita 100 awa ba ta cika ba. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan dako na tafiyar da ƙaton firji ko cikakken duro a kasuwa ya san wannan dabara. Ashe tsofaffin nan gaskiya suke faɗa da irin nasu salon maganar, masu tambayar ne ba su iya saurare ba.

Labari na uku shi ya fi yaɗuwa, shi ya fi ciwo. An ce wai mutanen nan da hannunsu suka hallaka kansu: sun sare dajinsu kaf saboda gasar sassaƙa, yunwa ta shigo, yaƙi ya ɓarke, har suka koma cin naman juna, dubban mutane suka mutu tun kafin Bature ya zo. Wani malamin jami'a a Amurka, Jared Diamond, ya baza wannan labari a littafinsa na 2005, aka riƙa koyar da shi a makarantu a matsayin misalin al'ummar da ta kashe kanta da wauta.

Domin adalci, akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Da can tsibirin daji ne na wata bishiya dangin giginya da kwakwa, kuma dajin ya ƙare. Sara da ƙuna don noma sun taka rawa, ɓerayen da suka biyo kwale-kwale su ma sun taka tasu, don suna cinye 'ya'yan bishiyar kafin su tsiro. Rigingimu tsakanin zuriya da zuriya ma an yi, an kuma kayar da moai ɗin da ke kan dakali gaba ɗaya. To amma ƙarewar daji daban, ƙarewar mutane daban. Da itace ya yi ƙaranci sai suka canja dabara. Suka riƙa farfasa duwatsu suna shimfiɗawa a gona don ƙasa ta riƙe danshi, iska kuma kada ta kwashe ta, suna gina 'yan katangu zagaye suna shuka ayaba a ciki. A 2024 an fitar da bincike biyu masu muhimmanci. Na farko ya auna faɗin waɗannan gonakin dutse ya nuna abin da tsibirin zai iya ciyarwa kimanin mutum 3,000 ne, wato kusan adadin da Turawan farko suka tarar. Na biyu ya gwada ƙwayoyin halitta daga ƙasusuwan mutum 15 'yan tsibirin da ke ajiye a wani gidan tarihi a Paris, bai ga alamar wata gagarumar mutuwa a shekarun 1600 ba, sai ma ya ga jama'ar na ƙaruwa sannu a hankali har zuwa shekarun 1860. Kayar da moai ɗin ma, baƙin da suka zo a 1722 da 1770 a tsaye suka gan su.

To me ya faru a shekarun 1860?

Bature na farko da ya sauka, Jacob Roggeveen ɗan ƙasar Holan, ya hango tsibirin ranar 5 ga Afrilu 1722, ranar bikin Ista na Kiristoci, daga nan sunan ya samo asali. A saukarsu ta farko mutanensa suka buɗe wuta suka kashe mutum 10 zuwa 12. Da haka aka yi sallama.

Babbar musiba ta zo a Disamba 1862, lokacin da jiragen masu farautar bayi daga Peru suka dira. Cikin 'yan watanni suka kwashe kimanin mutum 1,500, har da sarki da ɗansa da manyan masu ilmin gargajiya. Da ƙasashen waje, musamman Faransa da bishop ɗin Tahiti, suka matsa lamba, aka ce a mayar da su. Galibinsu sun riga sun mutu a Peru, wasu suka mutu a hanya, waɗanda suka taka ƙasarsu da rai kimanin 15 ne, kuma da cutar agana suka dawo. Agana ta yi nata, tarin fuka ya biyo baya. Sai wani Bafaranshe, Dutrou-Bornier, ya mallake filaye ya fara kiwon tumaki, ɗaruruwan mutane suka bar tsibirin zuwa Tahiti da wani tsibiri mai suna Mangareva. A 1877 aka ƙirga waɗanda suka rage: mutum 111. Daga cikinsu 36 ne suka bar zuriya, kuma daga tsatsonsu 'yan Rapa Nui na yau suka fito. A unguwanninmu, sahu biyu ko uku na masallacin Juma'a ya fi wannan adadi.

Ranar 9 ga Satumba 1888 Chile ta karɓi tsibirin ta hannun wani jami'in sojan ruwa, Policarpo Toro. Takardar yarjejeniyar harshe biyu ce, ta Sifaniyanci na maganar miƙa mulki, ta harshen gida kuma na maganar abota da kariya. Mutanen tsibirin na ba da labarin cewa a ranar sarkinsu Atamu Tekena ya sunkuya ya tsigo ciyawa haɗe da ƙasarta, ya miƙa wa jami'in ciyawar, ya zuba ƙasar a aljihunsa. Ma'ana, dabbobinku su yi kiwo, amma ƙasa tamu ce. Ba a saurare shi ba. Daga 1903 zuwa 1953 aka ba wani kamfanin Birtaniya, Williamson-Balfour, hayar kusan tsibirin duka, dubban tumaki na yawo inda suka ga dama, masu ƙasa kuma aka killace su da shinge a Hanga Roa, ba su fita sai da izini. A 1914 wata dattijuwa, Angata, ta jagoranci bore. Bayan kamfanin, sojan ruwa ya ci gaba da mulki, sai da wani matashin malamin makaranta, Alfonso Rapu, ya sake tayar da jama'a a 1964, sannan a 1966 aka amince su 'yan ƙasar Chile ne masu cikakken 'yanci.

Yanzu mai karatu ya gane dalilin da ya sa labarin "su suka kashe kansu" ya yi farin jini. Labari ne da ke wanke masu jiragen bayi da masu tumaki. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Asarar da ta fi taɓa ni ita ce ta rubutu. Mutanen nan suna da wasu alamomi da suke zanawa a kan allunan katako, ana kiransu rongorongo, jeri-jeri na siffofin tsuntsaye da kifi da mutane, kuma in ka gama layi ɗaya sai ka juya allon ƙasa ta koma sama kafin ka karanta na gaba. Ɗan mishan na farko da ya zauna a tsibirin a 1864, Eugène Eyraud, ya ce ya ga allunan a gidaje da yawa. A yau abin da ya rage bai kai guda 30 ba, suna warwatse a gidajen tarihi na ƙasashen duniya, kuma babu mahalukin da ya iya karanta su. Allunan ba su mutu ba, masu karanta su ne suka mutu, a cikin 'yan shekaru kaɗan, ba su samu damar koya wa na baya ba.

Rapa Nui a yau

Duk da haka ba su ƙare ba. Kowace shekara a farkon Fabrairu suna bikin Tapati na mako biyu, gari ya kasu kashi biyu, kowane ɓangare na mara wa 'yarsa baya don ta zama sarauniyar shekara. Ana gasar waƙa da rawa da sassaƙa da iyo da sukuwar dawaki. Akwai wasan da ake kira haka pei, inda samari ke kwanciya a kan kututturen ayaba biyu da aka ɗaure, su sulalo daga kan tudu da gudun da ko a hoto sai gabanka ya faɗi. Abincin biki a rami ake dafa shi, a ƙona duwatsu su yi jawur, a jera kifi da nama da dankali, a rufe da ganyen ayaba da ƙasa, a raba wa kowa. In ka gamu da ɗan gari zai ce maka "Iorana", ita ce sannunsu.

A 1995 hukumar UNESCO ta sa wuraren tarihin tsibirin cikin kayan gadon duniya, a 2017 kuma gwamnatin Chile ta miƙa kula da su ga ƙungiyar 'yan asalin tsibirin, Ma'u Henua. Wani zai ce, to ai duwatsun nan da kake cewa a daina ƙura wa ido su ne abincinsu. Gaskiya ne, kafin annobar korona baƙi sama da 100,000 ke zuwa duk shekara. Amma da aka rufe tsibirin daga Maris 2020 zuwa Agusta 2022, dutse bai ciyar da kowa ba. Abin da ya riƙe su shi ne komawa gona da kamun kifi, da wata tsohuwar al'adarsu ta taimakon juna da suke kira umanga, wadda ta yi kama da gayyarmu.

Babbar barazanar yanzu ba jirgin bayi ba ce. A ƙidayar 2017 'yan asalin tsibirin ba su kai rabin mazaunansa ba, sauran galibi 'yan Chile ne da suka zo neman abinci. Harshen Sifaniyanci ya mamaye makaranta da ofis da talabijin, tsofaffi na magana da harshen Rapa Nui, yara da yawa kuwa sai dai su ji su amsa da Sifaniyanci. Shi ya sa suka buɗe ajujuwan da ake koyar da yara da harshen gida zalla. A 2018 kuma aka kafa dokar da ta taƙaita zaman baƙo zuwa kwana 30, har da ɗan Chile, sai in yana da dalilin aiki ko na iyali.

Mu fa, a ina muke a wannan labari?

Na san dokar nan ta kwana 30 za ta yi wa wasunmu ɗaci, domin mun san zafin a haife ka a gari, a haifi ubanka a garin, amma in ka je neman takardar ɗan asali a ce ka koma inda ka fito. Ba na haɗa halinmu da nasu. Najeriya ƙasarmu ce, tsarin mulki ya ba mu damar zama ko'ina, kuma mu ba mu killace kowa da shinge ba. Amma labarin ya sa na ƙara fahimtar cewa tsoron da mai gida ke ji idan baƙi sun yi yawa ba kullum ne ƙiyayya ba, wani lokaci tsoron ɓacewa ne. Baƙon da ya gane haka, ya koyi gaisuwar masu gari, ya girmama abin da suke girmamawa, zamansa ya fi daɗi.

Ta ɗaya ɓangaren kuma mu ne 'yan tsirarun. Mai karatu ya dubi gidansu. Yara nawa ne a unguwanninmu za a yi musu magana da Hausa su amsa da Yarbanci ko Turancin buroka? Jin harshen maƙwabci alheri ne, da shi muke ciniki, da shi muke zaman lafiya, matsalar ita ce a saki na gida. Mutum nawa ne cikin sa'o'ina za su iya faɗin sunan kakan da ya fara saukowa Kudu, daga wane gari ya taso, a wace shekara, goro ya kawo shi ko shanu, wa ya ba shi masauki? A wasu gidajen akwai tsofaffin wasiƙu da takardun bashi da kakanninmu fatake suka rubuta da ajami, suna cikin adaka gara na ci. Ajami dai ba zai zama rongorongo ba, don akwai masu karanta shi ko'ina. Amma sanin wane ne wannan da aka ambata a takardar, da abin da ya haɗa shi da gidanku, wannan a kan tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya yake, ranar da aka kai su makwanci shi ke nan.

Su mutanen Rapa Nui ƙarfi aka sa aka raba su da masu ilminsu, mu kuwa namu suna nan zaune a zaure da ƙofar masallaci, muna wuce su kullum da waya a hannu. Shawarata ita ce wannan wayar a yi amfani da ita. A samu Baba ko Kaka ko Alhajin unguwa bayan la'asar, a durƙusa a gaishe su, a tambaye su, a naɗi muryarsu, a rubuta, a tura wa 'yan uwa. A gida kuma a riƙa yi wa yara Hausa ko da sun amsa da wani harshe. Idan ba mu ba da labarin zamanmu a nan da bakinmu ba, wani zai bayar, kuma mun ga irin wanda aka ba da a kan mutanen tsibirin nan. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, ko da ɗan uwan yana can cibiyar duniya.

A nan zan dasa aya. Duk mai gyara ko ƙarin bayani, ƙofa a buɗe take, musamman dattawanmu da suka san tarihin kafuwar unguwanninmu. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu zaman lafiya da waɗanda muke zaune tare da su, ya sa albarka a nemanmu. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah ya kai mu. Wassalam.